Wa Ke Raɗa wa Waƙa Suna? Rikicin Old Town Road da Masu Gadin Ƙofar Kantiri

A watan Maris na 2019 mujallar Billboard, wadda tun 1940 take fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka mako-mako, ta yi abin da ba kasafai take yi ba. Ta zare wata waƙa daga jadawalinta na kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka da aka sani da jita da goge da hular kaboyi, bayan waƙar ta riga ta hau ta zauna a matsayi na 19. Waƙar ita ce Old Town Road, mai ita kuma Lil Nas X ne, wani matashi baƙar fata ɗan jihar Georgia da a lokacin bai cika shekara ashirin ba. Hujjar mujallar ita ce, duk da cewa waƙar tana zancen doki da kaboyi, ba ta ɗauke da isassun siffofin kantirin wannan zamani. Aka bar ta a jadawalin gambara, wato rap, da salon kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira R&B, da kuma babban jadawalin Hot 100 da ke haɗa kowa da kowa.

Nan take aka rabu biyu. Wasu suka ce wariyar launin fata ce tsagwaronta, wasu suka ce duk mai kunne ya san waƙar gambara ce ta ɗora hular aro. Billboard ta musanta cewa launin mawaƙin ya shiga lissafinta. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma ba za a raba ta da sauraron waƙar sau dubu ba, domin ba a cikin waƙar amsar take ba.

Sai dai kafin a kai nan, ya kamata a ba kunne haƙƙinsa. Kiɗan waƙar wani matashi ne ɗan ƙasar Holan mai suna YoungKio ya haɗa shi, ya sa a kasuwar intanet, Lil Nas X ya saya a kan dala 30. Sautin banjo, wani kayan kiɗan tsirkiya, da ke buɗe waƙar, wanda shi ne ke sa mutum ya ji ƙanshin karkara, an tsakuro shi ne daga wani kiɗa na 2008 na ƙungiyar Nine Inch Nails, 'yan kiɗan rok mai ƙarar ƙarfe da ba su da wata alaƙa da Nashville, cibiyar kantiri. Ƙarƙashin banjon kuma akwai dukan nan mai nauyi da ake kira 808, wanda ya samo suna daga na'urar ganga ta kamfanin Roland ta 1980, kuma shi ne ƙashin bayan tirap, reshen gambarar da ya girma a birnin Atlanta. A saman duk wannan sai mawaƙin ya ja murya irin ta mutanen Kudu, yana rera baitoci a kan doki da sirdi da tarakta, yana cakuɗa su da kayan ƙawa na 'yan birni. Duka waƙar ba ta kai minti biyu ba. Shi da kansa ya ce kantiri ce kuma tirap ce, ba ɗaya ba ce ban da ɗaya.

To, mai cewa kantiri ce yana da banjo da jigo da karin murya. Mai cewa gambara ce yana da ganga da tsarin bugun. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin tambaya shi ne wanne daga cikin waɗannan ke yanke hukunci, kuma a nan ne hujjar Billboard ta fara ɗingishi, saboda ta ce "na wannan zamani". Kantirin wannan zamani ya daɗe da haɗiye gambara. A 2011 Jason Aldean ya kai matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri da waƙar da yake zuba baitocinta da salon gambara ƙarara. A 2013 mawaƙan kantiri biyu da ake kira Florida Georgia Line suka sake zubin wata waƙarsu tare da Nelly, mawaƙin gambara, ta yi mako 24 a saman jadawalin. A 2017 Sam Hunt ya yi mako 34 a sama da waƙar da aka gina kan gangar na'ura da salon R&B. Bayansa Bebe Rexha, mawaƙiyar pop 'yar birnin New York, ta haɗa kai da Florida Georgia Line suka yi mako 50 cur. Ba a cire ko ɗaya ba. Dukansu farare ne in ban da Nelly, wanda baƙo ne a waƙar wasu. Idan gangar na'ura ce ke fitar da waƙa daga kantiri, da an share rabin jadawalin tun kafin Lil Nas X ya gama sakandare.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa wannan waƙa ta zama matsala alhali waɗancan ba su zama ba, yana da nasaba da wani sauyi da Billboard ta yi a watan Oktoban 2012, wanda yawancin masu gardamar ba su kula da shi ba. Kafin lokacin, jadawalin kantirin, mai suna Hot Country Songs, yana ƙirga sau nawa gidajen rediyon kantiri suka sa waƙa ne kawai. Wato masu rediyon ne ke tace abin da ya shiga, kuma mujallar ba ta buƙatar yanke wani hukunci: abin da suka sa shi ne kantiri. Daga 2012 aka koma ƙirga sayen waƙa ta intanet, da sauraro ta manhajoji, da sawa a kowace irin tashar rediyo, ko da tashar pop ce. A makon farko na sabon tsarin wata waƙar Taylor Swift da tasoshin kantiri suka riga suka fara ja da baya da ita ta yi tsalle ta haye matsayi na ɗaya, masoya kantiri suka yi ta guna-guni.

Sabon tsarin ya haifar da wani giɓi. Tunda lissafin ya zama na na'ura, abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne tambaya ɗaya tak: wace waƙa za a yarda ta shiga tseren? Da zarar an ce waƙa kantiri ce, duk sauraron da ta samu a faɗin Amurka nata ne, ko da masu sauraron ba su taɓa kunna tashar kantiri ba. Old Town Road ta tashi ne a TikTok, inda matasa suka riƙa ɗora bidiyonsu suna rikiɗa zuwa kaboyi. Ta yi mako 19 a saman Hot 100, abin da babu waƙar da ta taɓa yi kafin ita, don iyakar da aka sani a da mako 16 ce. Da an bar ta a jadawalin kantiri, da ta tare ƙofar matsayi na ɗaya tun daga bazara har kaka, kuma duk mawaƙin da kamfanonin Nashville suka kashe wa kuɗi a wannan shekara sai dai ya yi ta fafutukar zama na biyu. Matsayi na ɗaya kuwa ba ado ba ne. Da shi ake tallata mawaƙi, da shi ake ciniki da masu shirya wasa, da shi marubucin waƙa ke ɗaga farashinsa.

A ganina wannan dalili ne da za a iya kare shi. Mujallar kasuwanci tana da damar cewa jadawalinta na auna wata kasuwa ce ta musamman, kuma wannan waƙa ba a wannan kasuwar ake cinikinta ba: ba kamfanin Nashville ne ya fitar da ita ba, ba a tura ta tasoshin kantiri ba a farko, mai ita ba ya zagaya dandalin wasannin kantiri. Da haka ta faɗa, da gardamar ta zama ta ƙa'ida. Amma sai ta ba da hujjar sauti, hujjar da jadawalinta da kansa ke ƙaryatawa, ta kuma ɗora ta a kan baƙin mutum a fagen da ke da tsohon tabo. Shi ya sa bayanin nata bai gamsar da kowa ba sai waɗanda dama sun gamsu.

Tabon kuwa tsoho ne ƙwarai, kuma duk wanda bai san shi ba zai ɗauka baƙaƙen Amurka neman fitina kawai suke yi. A farkon ƙarni na ashirin, talakawan Kudancin Amurka, baƙi da fari, suna kaɗa kayan kiɗa iri ɗaya, suna rera waƙoƙi da yawa iri ɗaya. Banjo kansa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙire shi a yankin Karibiyan da Amurka, daga zuriyar kayan kiɗan tsirkiya masu ƙoƙon duma da fata, dangin gurmi, irin su akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Kamfanonin faifan garmaho ne suka zo suka raba garken. A 1920 kamfanin OKeh ya fitar da faifan Mamie Smith, baƙar mawaƙiya, ya sayu fiye da yadda aka zata, sai aka gano akwai kasuwa a wajen baƙaƙe. A 1923 wakilin kamfanin, Ralph Peer, ya ɗauki muryar wani farin mai goge, Fiddlin' John Carson, a Atlanta, sai aka gano akwai wata kasuwar a wajen fararen karkara. Daga nan aka buɗe kundin talla biyu: faifan jinsi na baƙaƙe, faifan ƙauyawan tsauni na farare. Na farkon ne Billboard ta sauya wa suna zuwa R&B a 1949, na biyun kuma ya zama kantiri.

Rabon na mai saye ne, ba na mai kiɗa ba, kuma mawaƙan ba su daina tsallaka katangar ba. Louis Armstrong, baƙin mawaƙi, ya busa ƙaho a faifan Jimmie Rodgers, wanda ake kira uban kantiri, a 1930. Lesley Riddle, baƙin mai jita, shi ne ya riƙa yawo da A. P. Carter suna tattaro waƙoƙin da suka zama gadon gidan Carter, fitattun mawaƙan kantiri na farko. Hank Williams, babban tauraron kantiri, ya koyi jita a wajen wani baƙin mawaƙin titi, Rufus Payne. DeFord Bailey, shi ma baƙi, yana cikin taurarin farko na shirin rediyon kantiri na Grand Ole Opry, kafin a sallame shi a 1941. A 1962 baƙin mawaƙi Ray Charles ya fitar da kundi guda na waƙoƙin kantiri, ya sayu kamar me, ɗaya daga cikin waƙoƙin ta hau saman jadawalin pop, amma tasoshin kantiri suka kau da kai. Da kamfanin RCA ya ɗauki Charley Pride, baƙin mawaƙin kantiri, a 1966 sai ya riƙa tura faya-fayansa na farko gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, don kada a ga fuskarsa kafin a ji muryarsa. Daga baya ya kai matsayi na ɗaya kusan sau talatin. Wannan dabara ta RCA ita kaɗai ta isa shaida cewa masu harkar sun san kunne ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce duk wanda ya ƙi karɓar Old Town Road mai wariya ne. Mutanen kantiri sun saba faɗa a kan iyakar gonarsu, kuma yawancin waɗanda suka sha duka farare ne. A 1974 ƙungiyar CMA, wadda ke raba lambobin yabon kantiri, ta ba Olivia Newton-John, wadda ake wa kallon 'yar pop, kambun mawaƙiyar shekara, wasu tsofaffin hannu suka fusata har suka kafa tasu ƙungiyar. A 1975 Charlie Rich ya buɗe ambulan a kan dandali, ya ga sunan John Denver, wanda shi ma ake wa kallon ɗan pop, a matsayin wanda ya lashe kambu, ya ciro ƙyastu ya cinna wa takardar wuta a gaban jama'a. A 2021 kwamitin tantancewa na Grammy, manyan lambobin yabon kiɗa na Amurka, ya ce sabon kundin Kacey Musgraves bai cancanci shiga rukunin kundin kantiri ba, alhali ita ce ta lashe wannan rukuni a 2019, kuma abin dariya, wata waƙa daga cikin kundin da aka kora ta samu shiga rukunin waƙar kantiri. Mutanen da suka yi tir da Sam Hunt da Bebe Rexha tun farko, in suka yi tir da Lil Nas X, ba su sauya ma'auni ba. A wajensu kantiri al'umma ce mai tarihi da ladubba, ana shigarta ne ta hanyar zama a yi hidima, ba ta hanyar danna suna a manhaja ba. Kuma gaskiya ne cewa Lil Nas X da kansa ne ya yi wa waƙar laƙabin kantiri lokacin da ya ɗora ta a SoundCloud da iTunes a watan Disamban 2018, har wasu 'yan harkar suka ce dabara ce, tunda ya fi sauƙi a yi fice a can fiye da cikin cunkoson gambara. Gaskiya ne kuma akwai raha a waƙar, kuma ba kowa ke jin daɗin a mayar da rigar gidansu kayan wasa ba.

Matsalar ita ce ba waɗannan masu ra'ayin riƙau ne ke riƙe da mabuɗi ba. Masu mabuɗin sun buɗe wa pop da gambara ƙofa shekara da shekaru muddin kuɗin yana shigowa ta hannunsu. Sai ranar da abin ya shigo ta taga suka tuna da tsarkin gida.

Akwai kuma ɗaya fuskar lamarin, wadda ba a cika haɗa ta da wannan ba alhali tushensu ɗaya: wanda ake hana shiga wani rukuni, ana kuma kulle shi a wani. A 2017 Drake ya lashe Grammy biyu a rukunin gambara da waƙar da rerawa yake yi daga farko har ƙarshe, ya fito ya ce ba gambara ba ce, an sa shi a can ne don an saba ganinsa a can ko don shi baƙi ne. A 2020 Tyler, the Creator, shi ma baƙi, ya karɓi kambun kundin gambara, ya ce yana godiya amma yabon da zagi a cikinsa, domin duk abin da mai kamarsa ya yi, komai saɓaninsa da gambara, can ake jefa shi. A ƙarshen wannan shekarar Justin Bieber, wanda fari ne, ya yi nasa ƙorafin ta ɗaya ɓangaren: ya ce R&B ya yi, aka kai shi pop. A 2024 Tyla ta Afirka ta Kudu ta karɓi lambar Afrobeats a bikin MTV, ta tunatar da su cewa ita amapiano take wakilta, kuma ba duk kiɗan Afirka ne abu ɗaya ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, an kalli mai waƙar kafin a saurari waƙar.

Abin da ya biyo bayan korar Old Town Road ya fi korar kanta bayyana yadda abin yake aiki. Ranar 5 ga Afrilun 2019 aka fitar da sabon zubi tare da Billy Ray Cyrus, farin mawaƙin kantiri da ya yi tashe a 1992. Kiɗan bai sauya ba, banjon nan ne, gangar nan ce, baiti kawai aka ƙara. Billboard ba ta mayar da ita jadawalin Hot Country Songs ba. Amma a watan Nuwamba ƙungiyar CMA, wato Nashville da kanta, ta ba wannan zubi lambar haɗin gwiwar shekara. A watan Janairun 2020 kuma Grammy ta ba shi lamba a rukunin pop. Waƙa ɗaya, cikin ƙasa da shekara guda: gambara a wajen masu jadawali, kantiri a wajen masu kantiri, pop a wajen masu Grammy. Kowace hukuma tana amsa tambayar da ta shafi nata aikin ne, ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Beyoncé ta riga shi shan wannan ruwa. A 2016 ta rera wata waƙarta mai salon kantiri a bikin CMA tare da ƙungiyar matan kantiri ta Dixie Chicks, wasu masu kallo suka yi ca a kanta, aka kuma ruwaito cewa kwamitin kantiri na Grammy ya ƙi karɓar waƙar. A 2024 ta dawo da shiri. Ta fitar da Texas Hold 'Em da banjon Rhiannon Giddens, baƙar mawaƙiyar da ta shafe shekaru tana tono tarihin wannan kayan kiɗa. Wata tashar kantiri a jihar Oklahoma ta fara cewa ba ta sa waƙoƙin Beyoncé, aka yi mata caa, ta sa. Wannan karon Billboard ba ta yi gardama ba, Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman Hot Country Songs. Amma da aka fitar da sunayen 'yan takarar CMA na shekarar, kundinta Cowboy Carter bai samu ko gurbi ɗaya ba. A watan Fabrairun 2025 Grammy ta ba shi kambun kundin kantiri da na kundin shekara baki ɗaya. Wato an sake rabuwa, sai dai kujerun ne aka sauya: wanda ya karɓi Lil Nas X ya ƙi Beyoncé, wanda ya kai shi pop ya kira ta kantiri.

Wanda ya gaje ta a saman jadawalin kantiri shi ne Shaboozey, haifaffen jihar Virginia wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da waƙar da ta aro amshinta daga wata gambarar 2004. Ta fuskar jini, waƙarsa ba ta fi ta Lil Nas X tsarki ba. Amma an kai ta tasoshin kantiri ta hanyar da aka saba, an bi su ɗaya bayan ɗaya, suka sa ta har ta hau saman jadawalin rediyon kantiri, abin da Beyoncé ba ta samu ba. Ita ma ta yi mako 19 a saman Hot 100, daidai da Old Town Road, ba wanda ya yi zancen cire ta. Mai cewa launi ne kaɗai ke aiki sai ya yi bayanin Shaboozey. Mai cewa launi ba ya aiki sai ya yi bayanin abin da ya sa sai da aka yi shekara sittin da wani abu da kafa jadawalin kafin baƙar mace ta hau samansa, da abin da ya sa baƙin mawaƙi ke buƙatar ya bi kowace ƙa'ida ta shiga gida alhali farar mawaƙiyar pop tana shigowa da gayyata ɗaya ta yi mako 50.

A watan Yunin 2025, wata huɗu bayan nasarar Beyoncé, hukumar Grammy ta sanar da raba rukunin kundin kantiri gida biyu daga bikin 2026: na gargajiya da na zamani. Hukumar ta ce buƙata ce da 'yan kantiri suka daɗe suna kawowa, kuma gaskiya R&B da pop da salon blues duk suna da irin wannan rabo tun da daɗewa, mawaƙan da ke riƙe da goge da jitar ƙarfe kuma sun daɗe suna kukan cewa 'yan zamani sun danne su. Masoyan Beyoncé suka ce an gina sabon ɗaki ne don kada abin da ya faru ya sake faruwa. Ko wanne ne gaskiya, yanzu kwamitin tantancewa yana da layi biyu da zai ja a kowace shekara maimakon ɗaya: tsakanin kantiri da abin da ba kantiri ba, sannan tsakanin na gargajiya da na zamani.